Ƙibar da ta tafi ta dawo, da yadda na sake sauke ta daga tukunyar gida

Sau biyu na rage kilo 17 a rayuwata. Na farko cikin wata huɗu, kuma kafin shekara biyu ta zagayo ya dawo har da ƙarin huɗu. Na biyu ya ci mini shekara ɗaya da rabi, shi ne kuma ya zauna. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen da ake duba masu hawan jini da ciwon suga, don haka abin da zan faɗa ya haɗa abin da jikina ya gani da abin da aiki ya koya mini. Na rubuta ne saboda 'yan'uwa, mata da maza, da suka taɓa ramewa da kyar, suka wayi gari kayan da suka kai wa tela ya rage musu sun daina shiga.

A Zariya na tashi, siririya, a gidan da rama ba abin so ba ce. Duk zuwan da Gwaggo za ta yi sai ta kama damtsena ta ce wa Inna, "Wannan yarinya ba kwa ba ta abinci ne?" A wurinmu wadda ta yi jiki ita ce ta samu hutu, matar aure kuwa in ta cika sai a ce mijinta ya iya kiwo. Cikin ƙawayena akwai waɗanda suka sha ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe dab da bikinsu. Sai da na shiga aikin asibiti na san cewa yawancinsu dexamethasone ne, maganin kumburi mai ƙarfi da ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, yana tayar da suga da hawan jini, yana kuma cinye ƙashi a hankali.

Ni ban buƙaci ƙwaya ba. Na yi aure ina kilo 62, haihuwa uku kuma kowacce ta bar mini nata rabon. Jego a wurinmu an san shi: kunun kanwa, gasasshen nama, farfesu, tuwo da man shanu, ga kwana arba'in ba a barin mace ta ɗaga ko tsinke. Sai aikin dare ya ɗora nasa, shayi mai kauri da biredi da ƙarfe biyun dare, ko indomi da ƙwai don ido ya buɗe. Ranar da na tsaya na yi wa kaina lissafin da nake yi wa marasa lafiya, nauyina kilo 94 ne a tsawon mita 1.62. Ana ninka tsawon da kansa, a raba nauyin da abin da ya fito. Nawa ya ba da kusan 36. Daga 18.5 zuwa 24.9 ake ɗauka daidai, daga 30 kuma an shiga ƙiba.

Hanyar da na bi karon farko ita ce wadda ke yawo a WhatsApp da Facebook: ba tuwo, ba shinkafa, ba mai ko ɗigo. Da safe ruwan ɗumi da lemon tsami, da rana kokwamba da dafaffen ƙwai, da dare wani shayin rage teɓa da na saya ta intanet. Duk abin da ke shiga cikina a yini bai kai kalori 800 ba, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Makon farko kilo 3 suka zube, na yi ta murna.

Yawancin wannan kilo 3 ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari kusan rabin kilo a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Da an yanke tuwo da shinkafa sai ajiyar ta ƙare, ruwanta ya fita ta fitsari, sikeli ya yi ƙasa alhali kitse na nan. Shayin kuwa, irinsa da yawa filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sa mutum. An ma sha samun sibutramine a ɓoye cikin wasu kayan rage ƙiba, maganin da aka janye daga kasuwa a Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Bayan ruwa sai kitse ya fara tafiya, amma tare da tsoka, domin jikin da ba ya samun abincin gina jiki, ba a kuma sa shi aikin ƙarfi, tsokarsa yake ci. Ramar gaggawa irin wannan tana kuma iya haifar da tsakuwa a matsarmama.

Na sauko kilo 77. Ina tasowa daga sujada sai na dafa bango saboda jiri. Mai kitso ta fara nuna mini gashin da ke biyo matsefi. Yara suka koyi kauce mini da yamma don abu kaɗan ke tunzura ni. Tukunya biyu nake ɗorawa, ta gida da tawa, ina tuƙa musu tuwo ina kawar da kai. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ta kira ni ɗaki ta ce, "Ke lafiyarki kuwa? In wani abu ke damunki a gidan nan ki faɗa mini."

Bikin ƙanwata ne ya buɗe ƙofa, Sallah ta biyo baya, daga nan abin ya zarce. Wata irin yunwa ta same ni wadda ban san ta ba kafin in fara rage cin abinci: in ci in ƙoshi, bayan awa ɗaya hankalina ya koma kicin. Na wuce 94 ban tsaya ba sai a 98. Jinina ya hau 150 bisa 95, sugan safe kafin karyawa ya kai 112. Daga 100 zuwa 125 gargaɗi ne, daga 126 kuma ciwon suga ne in an maimaita awon ya tabbata. Gwiwa ta fara ciwo, maigida ya ce na fara minshari.

Abin da ya fi ci mini rai a wurin aiki yake. Ina riƙe da katin wani dattijo ina cewa, "Baba, sai fa an rage nauyi," sai ya dube ni tun daga sama har ƙasa bai ce komai ba. Na daina zuwa biki don kada a yi maganar anko da awon tela. Na daina hawa sikelin da nake ɗora mutane a kai kullum. A zuciyata na yanke wa kaina hukuncin cewa ni mai kwaɗayi ce marar riƙe alkawari, kuma na daɗe da wannan nauyin a rai fiye da na jiki.

Abin da ya kwance mini wannan ƙullin karatu ne, lokacin da likitan sashenmu ya sa ni shirya bitar ƙiba ga ma'aikata. A 2011 masu bincike a Melbon ta Ostareliya sun sa mutum 50 masu ƙiba a kan ɗan abinci kaɗan na mako 10, suka rage kimanin kilo 13 kowanne. Shekara guda bayan haka, waɗanda aka sake aunawa sinadarin da ke tayar da yunwa, girelin, yana sama da yadda yake tun farko, mai sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya, leftin, yana ƙasa, kuma sun ce sun fi jin yunwa. A 2016 aka fitar da wani binciken a Amurka kan mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba ta talabijin. Bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da mafi yawan nauyin, kuma jikinsu a zaune yana ƙona kusan kalori 500 ƙasa da abin da ya kamata ga mai girmansu. Wato jikin da aka ramar da shi da ƙarfi yana neman abinci fiye da da, yana kuma tsimin abin da ya samu. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka halinsa ne ya lalace.

Daga nan na kafa wa kaina sharaɗi ɗaya: ba zan ɗauki wani tsari ba sai wanda zan iya yi daga tukunyar da kowa ke ci a gida, har da azumi, har da ranar biki, har tsufa. Burina kuma na rage shi. Ban ce in koma 62 ba, na ce in rage kilo 7. Dalilina babban binciken rigakafin ciwon suga ne da aka fitar a Amurka a 2002, mai mutum fiye da 3,000 da suganasu ke matakin gargaɗi irin nawa. Waɗanda aka sa su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da motsa jiki na minti 150 a mako, kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Masu shan maganin suga na metformin tasu ta ragu da kashi 31.

Kafin a canja komai, a yi mako biyu ana rubuta duk abin da ya shiga baki, da lokacinsa, ba tare da an rage ba. Wannan matakin mutane ke tsallakewa, shi ne kuma ke nuna inda ɗaki ke yoyo. Nawa littafin bai kama tuwo da laifi sosai ba. Mai ya kama, da sukari, da ɗanɗanen girki, da ragowar abincin yara da nake ƙarasawa don kada a zubar.

Mai shi ne babba. Giram ɗaya na mai yana da kalori 9, na sitacin tsaba ko na sinadarin gina jiki da ke cikin nama 4. Babban cokali ɗaya kalori 120 ne, lita ɗaya ta haura 8,000, alhali kilo ɗaya na kitsen jiki kimanin 7,700 ne. Man gyaɗa, manja, man zaitun, duk ɗaya suke ta wannan fuskar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a kan mai dai idon mai girki bai sani ba, musamman in daga bakin jarka take tsiyayawa. Gidanmu mutum shida muna shanye lita 7 a wata, wato fiye da cokali biyu da rabi ga kowa a kullum, kuma yara ba su cin rabin na manya. Na mayar da shi lita 4. Na ajiye jarkar a sito, na zuba na mako a ƙaramar kwalba, cokali na rataye a wuyanta.

Miyar dage-dage ce ke shan mai, saboda an ɗauka suya ce ke kashe tsamin tumatir. Dahuwa ce ke kashe shi. A zuba markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu a tukunya ba mai, a bar shi ya tafasa har ruwan ya tsotse ya yi kauri ya koma ja sosai. Sannan a soya albasa a cokali 3 ko 4 na mai, a juye markaɗen, a ba shi minti goma, a zuba ruwan nama. In mai ya taso sama ya kwanta, ya yi yawa, a kwashe. Miyar kuka, kuɓewa da karkashi kuwa daddawa da busasshen kifi ke ɗauke da daɗinsu, cokali ɗaya ko biyu ya ishi tukunya. A gidanmu ba wanda ya lura an rage sai da na faɗa.

Sukari na biyu. Ƙaramin cokali giram 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abincin yini, kimanin giram 50 ga babba, in an iya a tsaya a giram 25, wato ƙaramin cokali 6. Lemon kwalba na santilita 50 shi kaɗai ya kai giram 50, kuma lemon malt da ake ganin na masu hankali ne bai fi shi sauƙi ba. Ni shayi uku nake sha a yini, kowanne cokali uku a cike. Ban yanke shi rana ɗaya ba, rabin cokali nake ragewa duk mako har na tsaya a ɗaya, domin harshe yana sabawa in an bi shi a hankali. Zoɓo a gida nake haɗawa, da citta da kanumfari da ɓawon abarba, sukari ɗan kaɗan. Zuma ba mafita ba ce, ita ma sukari ce. Haka matse lemo ko kankana a sha ruwan: a ci ɗan itacen da ɓargonsa ya fi riƙe ciki.

Tuwo ban bar shi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya bari. Girman malmala na canja, ta koma daidai dunƙulen hannuna, guda ɗaya, da miya mai yawa. Ƙaramar mara na saya don hannu ya daina yaudara ta. Dafaffiyar shinkafa tana da kalori kusan 130 a giram 100. Na auna farantin da na saba cikawa sau ɗaya a sikelin kicin, ya kai giram 450. Yanzu 200 nake zubawa, kuma bayan an auna sau biyu ko uku ido ya riƙe, ba sai an yi ta awo ba. Gurbin da ya rage ganye ke cika shi, rabin faranti: zogale, rama, alayyahu, kabeji, yalo, karas, duk wanda ya yi araha a lokacin. Shinkafa da wake na juya ma'auninta, wake biyu shinkafa ɗaya, man da yajin kuma cokali ɗaya a aune. Kuma ganye da nama nake fara ci kafin in taɓa tsabar.

Akwai ruɗin da ya kamata a fasa a nan. Tuwon alkama da na acca ba su fi na masara ko dawa ƙarancin kalori da wani abin kirki ba. Amfanin tsabar da ba a surfe ta tas ba shi ne dusarta, tana jinkirta narkewa. Wanda ya koma alkama ya ci malmala uku bai rage komai ba. Haka gyaɗa: giram 100 ta kusa kalori 600, don haka kwaɗon zogale da aka cika wa ƙuli-ƙuli da mai zai iya fin tuwon da aka guje wa. Cokali biyu na garin ƙuli ya isa kwano guda. Fura da nono abinci ce cikakkiya, ba abin sha a bayan abinci ba. In zan sha, ita ce abincin ranar, dunƙule ɗaya, nono mai yawa, ba sukari.

Abin da ya hana yunwar nan ta da dawowa shi ne abincin gina jiki a kowane zama. Mai rage nauyi yana buƙatar kamar giram 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyin da yake nema, ni kenan wajen giram 90 a yini. Ƙwai ɗaya yana da 6, kofin dafaffen wake 13, kofin kindirmo 8, kifi ko kaza mai faɗin tafin hannu fiye da 20. Ba sai mai kuɗi ba: wake, awara, ƙwai da ƙananan busassun kifi sun wadatar. Alala ta maye gurbin ƙosai a yawancin ranaku, awara kuma a miya nake jefa ta ko in gasa a kasko da shafin mai. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa.

Yinina yakan tafi haka. Da safe koko kofi ɗaya da alala biyu, ko ƙwai biyu da yankan biredi biyu da shayi. Da rana shinkafa da wake ko dambu da ganye, ko faten tsaki da aka cika wa rama da yakuwa. Da la'asar gwanda, goba ko lemo, ko gyaɗa cikin tafin hannu ɗaya. Da dare malmala ɗaya da miya da kifi ko nama, kafin isha'i in hali ya yi. Duka bai fi ragin kalori 500 daga abin da na saba ba, abin da ke ba da kusan rabin kilo a mako da farko, daga baya ya ragu.

Abu ɗaya ya jawo magana: na daina ci a tire ɗaya da jama'a, domin a ciyayya ba mai sanin abin da ya ci. Hajiya ta ga kamar ƙyama ce. Na ce mata, "Hajiya, likita ne ya ce suga na ƙofa, abincinku nake ci, awo kawai nake yi." Da ta ga tuwonta ne da miyarta a farantina sai ta sake, har takan ce wa yara su bar wa mamansu ganyen.

Motsa jiki kuwa, a san matsayinsa tun farko don kada a yi fushi da shi. Tafiyar minti 30 ga mai kilo 90 ba ta ƙona fiye da kalori 150 zuwa 200, kwalbar lemo ɗaya ta mayar da su. Ba shi ke sauke nauyi da yawa ba. Aikinsa kare tsoka, saukar da suga da jini, gyara barci, da hana nauyin dawowa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Matsakaici shi ne saurin da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba.

Da minti 10 na fara, bayan sallar asuba, ina zagaya tsakar gida, don a lokacin kunyar fita nake. Duk mako ina ƙara minti 5 har na kai 40, sannan na samu maƙwabciya muka riƙa fita filin makarantar unguwa da hijabanmu kafin ɗalibai su iso. Takalmi mai taushin ƙasa da ke riƙe dunduniya ya zama dole. Silifas ne ke jawo wa mutane ciwon dunduniya su daina. Mai nauyi sosai kada ya fara da gudu ko tsallen igiya, gwiwa ba za ta ɗauka ba. A bazara sai da sassafe ko bayan magariba, a hunturu kuma in ƙura ta yi yawa a koma cikin gida. Na kuma ƙara tafiyar minti 10 bayan abincin dare, tana rage hawan suga bayan ci, da sauka daga adaidaita sahu tun kafin a kai ƙofar asibiti. Ciwon ƙirji, jiri ko numfashin da ya ƙi daidaita alama ce ta a tsaya a ga likita.

Aikin tsoka ba ya buƙatar gidan motsa jiki. A zauna a kujera a tashi ba dafawa, sau 10 zuwa 12. A dafa bango a tura jiki baya da hannu. A cika jarkar lita 5 da ruwa, kilo 5 kenan, a sunkuya da miƙaƙƙen baya a jawo ta zuwa ƙugu, hannu ɗaya bayan ɗaya. A kwanta rigingine a tanƙwara gwiwa a ɗaga ƙugu sama. Kowanne zagaye biyu, a huta minti ɗaya a tsakani, kwana biyu ko uku a mako ba a jere ba. In sau 12 ya zama wasa, a ƙara zagaye ko nauyi, in ba haka ba tsoka ta daina ƙaruwa. Kada a riƙe numfashi lokacin ɗagawa, musamman mai hawan jini.

Barci ma yana cikin lissafin. A wani ƙaramin bincike a Shikago a 2010, mutane kan abinci iri ɗaya, lokacin da aka ba su awa biyar da rabi na barci kitsen da suka rage bai kai rabin wanda suka rage da awa takwas da rabi ba. Aikin dare ba zan iya barinsa ba, sai na riƙa tafiya da abincina daga gida, in ci kafin sha biyu, bayan nan ruwa ko shayi ba madara, in na dawo kuma in kashe waya in rufe labule.

Sikeli sau ɗaya a mako, da safe bayan an zaga, kafin karyawa, da kaya iri ɗaya. Mace ta sani cewa dab da al'ada ruwa kan ƙara mata kilo ɗaya ko biyu, haka washegarin cin abu mai gishiri ko dunƙulen magi da yawa. Wata guda ake dubawa, ba mako ba. Tef ɗin tela ya fi sikeli gaskiya: a auna ciki tsakanin ƙashin haƙarƙari na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi. Abin nema shi ne kada ya kai rabin tsawon mutum.

A kilo 89 nauyin ya tsaya cak kusan wata biyu. Da a karon farko ne, a nan zan ƙara matse ciki. Tsayawar tana da dalilai biyu: ƙaramin jiki ƙaramin ci yake buƙata, kuma awo yakan saki a hankali, cokali ya fara tudu, malmala ta fara kumbura. Maganinta a koma ga littafi na mako ɗaya. Na samu mai ya haura, ga cincin da ke zaune a ofis. Na gyara waɗannan, na ƙara minti 10 a tafiya, ya ci gaba da sauka. In an yi duk wannan wata uku ba motsi, a je a duba sinadarin maƙoshi, wato thyroid, da sauran sinadaran jiki, a kuma nuna wa likita magungunan da ake sha, domin wasu, har da allurar tazarar haihuwa ta wata uku, suna iya ƙara nauyi.

Azumi mutane ke sa ran zai rage musu, sai a fito da ƙari, ko ɗan abin da ya sauka ya dawo kafin Babbar Sallah. Buɗa-bakinmu ne: kunu da sukari, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, lemo, duk kafin a taɓa abinci. Nawa tsarin dabino uku ƙanana da ruwa, in yi sallah, sannan kunu kofi ɗaya da alala ko farfesun kifi da ganye. Abin suya sau biyu a mako, guda uku ko huɗu. Bayan asham ƙaramin faranti. Sahur ba na barinsa, wake ko ƙwai ko kindirmo da ruwa mai yawa. Mai shan maganin suga ya ga likita tun kafin watan ya kama don a gyara masa lokutan sha. Ranar biki kuwa ina cin wani abu a gida kafin in fita, a can in zaɓi abu ɗaya da raina ke so, waina ko cincin ko naman, in ci in more, washegari in koma tsarina ba tare da ramuwar yunwa ba.

Ana yawan tambayata allurar semaglutide mai rage nauyi, wadda ake sayarwa da sunan Ozempic ko Wegovy. Tana aiki, kuma ga wasu marasa lafiya likita ne zai ce ita ta dace. Sai dai a binciken da aka bi waɗanda suka daina ta, cikin shekara ɗaya sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage. Ga tsada, ga jabu a kasuwa. Ba abin da za a saya a hannun mai talla a waya ba ce.

Riƙewa ita ce aikin da ban yi ba a karon farko, saboda a lokacin tsarin yana da ranar ƙarewa. Wannan ba shi da ita. Da na kai inda na tsaya, ɗan abu kaɗan na ƙara, kamar rabin malmala ko kofin kindirmo, sauran duk suna nan yadda suke. Tun 1994 akwai rajistar da ake yi a Amurka ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi suka riƙe shekara ko fiye. Yawancinsu suna karyawa kullum, suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, suna motsa jiki kusan awa guda a rana. Ni na ƙara wa kaina iyaka: in sikeli ya haura da kilo 2 mako biyu a jere, littafi da cokalin awo su fito a ranar. Kilo 2 wata ɗaya ke sauke shi. Ya faru bayan rasuwar mahaifina, lokacin da gida ya cika da abincin zaman makoki barci kuma ya ƙaurace, ya kuma faru bayan wata Sallah, duk biyun ya koma.

Yau ina kilo 81. Cikina ya sauko daga santimita 108 zuwa 90, jinina yana wajen 128 bisa 82, sugan safe 94, ina kuma sallah a tsaye ba dafa bango. Fatar ciki da ta damtse ta saki, ba ta koma ba. A lissafin takarda har yanzu ina 31, cikin masu ƙiba, kuma cikin bai sauka ƙasa da rabin tsawona ba. Ni da likitana mun tsaya a kan in ƙara riƙe wannan nauyin shekara guda, ana duba suga duk wata shida, kafin a yi maganar sauke wasu kilo 5. In za a yi, daga abincin daren ranakun aiki za a fara, don nan ne har yanzu awona ke kuɓucewa.